Shekara uku a shago bai taɓa riƙe almakashi ba: abin da ya faru a wani shagon ɗinki a Tawa

Yadda shagon yake kafin 2023

Shagon a cikin garin Tawa na ƙasar Nijar yake, ba nisa da babbar kasuwa, ɗaki ɗaya ne mai zurfi da rumfar kwano a gaba. Maigidan ya haura shekara 50, kuma kamar Adarawa da yawa na zamaninshi ya yi bida, a Abijan ya koyi ɗinki wajen wani ɗan garinsu kafin ya dawo gida ya buɗe nashi. Kayan maza yake yi, kaftani da wando da babbar riga, kuma duk unguwar an san yankanshi yana zama a jiki. Kekuna 5 ne a shagon, uku na wuta, biyu na takawa tsofaffi da aka jingine a lungu, sai injin aikin wuya guda ɗaya da ba mai taɓa shi sai shi kaɗai.

Yara 4 ke ƙarƙashinshi. Babban cikinsu ɗan ƙanwarshi ne, shekara 3 ke nan da aka kawo shi, sai wani da ya bar lekol daga kolej, sai ƙanana biyu da ba su fi shekara 14 ba. Ba albashi, kuɗin abinci ne dai kamar dala ɗari a rana in aiki ya yi, da kayan sallah. Aikinsu duk a rumfa yake, guga, sa maɓalli, kalmasa, tsinke zare, sai kuma aike wanda ba ya ƙarewa, a je kasuwa a sayo zif, a kai ɗiyan maigida lekol, a ɗora shayi, a kai wa Alhaji wane kayanshi. Babban ya iya hawa keke ya haɗa wando in an ba shi yankakke, iyakarshi ke nan.

Teburin yanka kuwa can ƙurya yake bayan kayan mutane da aka rataye, an kai shi can saboda ƙurar hunturu, kuma maigida ya saba yanka da asuba kafin yaran su zo ko da dare bayan sun tafi don a lokacin ne yake samun natsuwa. In aka ce mishi yaushe za ka koya musu yanka sai ya ce ai ido ke koyon ɗinki, shi ma ba wanda ya zaunar da shi.

Azumin 2023

A goman ƙarshe na azumi, cikin watan Afrilu, ciwon baya ya kwantar da maigida kwana 6, kuma duk wanda ya san shagon tela a goman ƙarshe ya san abin da wannan ke nufi. Kaya sama da 30 ba a ko yanka ba, masu su na zarya safe da yamma. Daga kwance ya aika a ce wa babban yaron ya ɗauki kaye na awo ya yanka.

Yaron ya yanka, uku suka ɓaci. Kaftani ɗaya ya juya hannu ɗaya ta bayan shadda, in haske ya buga sai ka ga kala biyu, wando ɗaya hantsa ta yi gajarta mutum ba ya iya zama da shi, ɗaya kuma ya buɗe wuya fiye da kima ta yadda ko aikin wuya ba zai rufe ba. Biyu daga ciki shadda ce mai tsada wadda mita ɗaya ta wuce jaka 10. Abin da aka biya ramuwa ya kai kusan jaka 90, kuma mutum biyu suka zo suka karɓe kayansu ba a ɗinka ba.

Da maigida ya miƙe ya tara su gaban kowa ya ce, kai shekara uku kana mi a nan. Yaron kanshi na ƙasa ya ce, Kawu ni ban taɓa ganin kana yanka ba, kullum sai dai in ga ka fito da shi yankakke. Maigida bai amsa ba a ranar, ya ɗauka rashin kunya ce.

Irin wannan ba a Tawa aka fara ganinshi ba. Wasu masu bincike biyu, Jean Lave da Etienne Wenger, a littafin da suka fitar a 1991 kan yadda ake koyon sana'a a wurin aiki sun kawo misalin masu koyon fawa a manyan kantunan Amurka, an ajiye sababbi wajen naɗe nama a leda, gwanaye kuma na yanka a wani gefe da ba a hango su, sai yaro ya daɗe a wurin bai san yadda ake fasa saniya ba alhali kullum yana bakin aiki.

Mayu zuwa Yuli 2023

Abu uku aka gwada kafin babbar sallah. Na farko maigida ya ɗauko wani gwanin tela daga waje ana biyanshi a kan kowace riga. Mutumin ya iya aiki ba ƙarya, kuma ya rage cunkoso, amma tunda kuɗinshi a yawan riga yake duk minti ɗin da zai tsaya yi wa yaro bayani asara ce a wajenshi, sai ya juya baya ya yi ta yanka, in an tambaye shi ya ce bari in gama. Bayan layya a ƙarshen Yuni ya samu inda ya fi ya tafi, yaran na nan yadda ya same su.

Na biyu, wannan ɗan lekol ɗin ya ce shi zai koya ta waya, ya dinga sauke bidiyo yana kwafe lissafi a kaye, a raba faɗin ƙirji gida huɗu a ƙara kaza, kuma gaskiya ya riƙe lissafin sosai har ya fi maigida saurin fitar da lamba. Ranar da aka shimfiɗa mishi yadi aka ba shi almakashi sai layin ya dinga karkacewa, yadin na zamewa ƙarƙashin hannunshi, ga shi yawancin bidiyoyin rigar Turawa suke nunawa mai kama jiki, ba kaftaninmu da ke son sakewa a hammata ba.

Na uku shi ne tara. Maigida ya ce duk wanda ya ɓata abu za a cire daga kuɗin abincinshi. Ɓarna ba ta ragu ba, ɓoye ta aka koma yi, a farke a sake ɗinkewa a ɓoye har yadi ya yi huji, wata rana ma aka tsinci aljihun da aka yanka ba daidai ba an cusa shi cikin buhun ƙyalle. Ɗaya daga ƙananan ya daina zuwa sati biyu sai da ubanshi ya rako shi.

Agusta 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, aka rufe iyakar Ƙonni da Illela, Najeriya kuma ta yanke wutar da take bamu. Kekunan wuta uku suka zama kayan kallo yawancin yini, zare da zif da yadin da ke shigowa ta Ƙonni suka yi tsada, mutane ma suka rage ɗinki don ta abinci ake. Maigida ya sa aka fito da tsofaffin kekunan takawa rumfa aka yi musu mai, kuma tunda ƙurya ta yi duhu ba fitila sai aka jawo teburin yanka har bakin ƙofa, yankan asuba da na dare kuma ya ƙare dole sai da rana. Ba don koyarwa aka yi haka ba, haske ake nema.

A fadar da maigida ke shan shayi akwai wani malami da ke koyarwa a ɗaya daga cibiyoyin koyon sana'a, shi ne ya lura da yaran sun daina hira sun zuba wa teburin ido. Ya ba maigida labarin binciken da ita wannan Jean Lave ta yi a shekarun 1970 a Monrobiya ta Laberiya wajen telolin ƙabilun Vai da Gola. Abin da ta gano shi ne koyonsu da ake gani kamar ba tsari ashe da tsarinshi, yaro na farawa daga ƙarshen aiki ya dawo farko, guga da maɓalli da kalmasa tukuna don ya san kamannin rigar da aka gama, sannan ɗinki don ya gane yadda gunduwa-gunduwa ke haɗuwa, yanka shi ne na ƙarshe tunda a nan kuskure ya fi tsada. Kayan ma hawa-hawa ne, hula da gajeren wando da kayan yara kafin a kai ga manyan kaya.

Maigida ya yi shiru can ya ce, Malam ai haka aka yi mini a Abijan, kuma teburin maigidana a tsakar shago yake kowa na gani. Matakin farko akwai shi a shagonshi, guga da maɓalli, daga nan ne ba a taɓa matsawa da kowa ba. A satin suka rubuta jerin matakai da alli a jikin bango, aka aika ƙananan su tattaro takardun buhun simintin Malbaza wajen magina, aka karkaɗe su, su ne suka zama yadin koyo. Aike kuma aka mayar da shi kamu-kamu, kowa da ranarshi, don kar a ce kullum ƙananan ne a hanya.

Satumba da Oktoba 2023

Gab da komawa lekol wata makaranta mai zaman kanta ta ba shagon kayan ɗalibai 120, riga da wando na kaki mai arha, samfuri ɗaya awo huɗu. A da maigida ba ya son irin wannan aiki don ribar kaɗan ce, bana kuwa ba zaɓi. Shi ya yanka, yaran suka ɗinka a keken takawa.

Malamin ya kawo wata hanya da aka yi amfani da ita a masana'antun Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1940 da 1945, sa'ad da gwanaye suka tafi fagen daga aka cika ma'aikatu da sababbin hannu. Mataki huɗu ne, ka shirya mai koyo, ka yi a gabanshi kana faɗin abin da kake yi da dalili, ka sa shi ya yi yana faɗa maka da bakinshi, sannan ka dinga leƙo shi kana rage leƙen a hankali. Mataki na biyu ne ya ba maigida wahala matuƙa, don in ya zo wajen lanƙwasar hantsa hannunshi ya riga ya wuce kafin baki ya buɗe, in aka ce me ya sa ka karkata nan sai ya ce haka ake yi. Sai da aka koma ɗan lekol na tsayar da shi yana tambaya, Maigida nan santimita nawa ka bari, me ya sa na baya ya fi na gaba, shi kuma yana dubawa yana ba da amsa, wani lokaci ma sai ya sake yankawa a takarda kafin shi kanshi ya gane dalilin. A nan lissafin wayar nan da bai yi amfani ba a Yuni ya sami wurin zama.

Awon da aka riƙe mai sauƙi ne, wando nawa yaro ke gamawa a yini. Satin farko ƙananan ɗaya-ɗaya suke yi, kuma rabinsu sai an farke. Sati na uku sun kai uku, na huɗu sun kai huɗu ba farka. Wannan saurin sananne ne tun 1936 da wani injiniya T. P. Wright ya auna a masana'antar ƙera jiragen sama, ya ga duk sa'ad da yawan jiragen da aka ƙera ya ninka, aikin da jirgi ɗaya ke ci na raguwa da kusan kashi 20 cikin ɗari. To amma daga huɗu sai abin ya tsaya cak, sati biyu ba ƙari, yaran suka fara gundura ana ɗinki ana kallon titi. Masanin tattalin arziki Kenneth Arrow da ya yi rubutu kan koyo ta hanyar yi a 1962 ya riga ya faɗi haka, maimaita abu ɗaya amfaninshi na raguwa da sauri, sai an dinga kawo wa mutum sabuwar matsala. Aka juya su, masu wando suka koma riga da kwala da aljihu, babban kuma aka ba shi yankan awo mafi ƙanƙanta, guda 15 na ƙarshe shi ya yanka su.

Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024

Wata huɗun nan na almakashi ne, ga babban da ɗan lekol. Takardar siminti tukuna, sai ragowar atamfa da tsofaffin zannuwa, sai kaki, sai kaftanin yara, sai yadin manya mai sauƙin kuɗi, shadda a ƙarshe. Ƙa'ida ɗaya aka kafa, ka zana da alli, maigida ya gani, sannan ka sa almakashi, ko da kuwa ka tabbata.

Tarar nan aka soke ta. A madadinta aka ajiye kwando, duk abin da ya ɓaci a jefa ciki ba faɗa, bayan la'asar in an ɗora shayi sai a ɗauko a shimfiɗa, wanda ya yi ya faɗi abin da yake nufin yi da inda yake ganin ya kuskure. Kwanakin farko ba mai magana, har ranar da maigida da kanshi ya ba su labarin babbar rigar wani ɗan kasuwa da ya lalata a Abijan yana saurayi da yadda aka ceto ta da ƙari a gefe, daga ranar bakinsu ya buɗe. Wani mai bincike Julian Orr ya bi masu gyaran injin kwafi na kamfanin Xerox yana kallon aikinsu, ya ga yawancin abin da ke fitar da su in inji ya gagara ba daga littafin kamfani yake zuwa ba, daga labaran da suke ba juna ne wajen cin abinci.

A Nuwamba abu 7 suka shiga kwandon, duk masu arha. Disamba 4. A Janairu aka sami koma-baya, babban ya ga hannunshi ya faɗa sai ya yanka shaddar wani ba tare da an duba alli ba, ya manta mutumin mai tumbi ne gaban rigar ya ɗage. An ceto ta da ƙyar. Maigida ya mayar da shi yadi sati biyu, kuma a wannan karon ya zaunar da shi ya nuna mishi yadda ake kallon tsayuwar mutum tun yana shigowa kafin ma a ɗauko abin awo, kafaɗa ta sauka ko ta miƙe, ciki, tsawon hannu. Fabrairu abu 1 kawai ya ɓaci. Daga nan aka daina duba allin wando, sai na kaftanin yara, na shadda ne kawai aka ci gaba da dubawa. Ƙananan biyu kuwa yanzu babban ke duba ɗinkinsu, kuma an lura bayaninshi ya fi shiga kansu fiye da na maigida, don bai manta inda abin ke da wuya ba.

Azumin 2024 da abin da ya biyo baya

Azumi ya kama a Maris, a cikin watan kuma aka sake buɗe iyaka da Najeriya kaya suka fara shigowa. Shagon ya karɓi kaya kusan 140, a bara 90 ne suka kusa kashe su. Mutum uku ke yanka, an gama komai kwana biyu kafin sallah, ɗaya ya samu matsala a wuya aka gyara, ba a biya kowa ramuwa ba. Ciwon bayan maigida ya sake tashi a sati na uku ya kwanta kwana biyu, aiki bai tsaya ba.

Bayan layya a watan Yuni babban ya zo da mahaifiyarshi ya ce, Kawu ina son ka sa mini albarka in buɗe nawa. Maigida ya yi kwana da kwanaki bai ce komai ba, daga baya ya tara mutane aka yi fatiha ya ba shi keken takawa ɗaya da almakashi. Wasu samari da ke kawo ɗinki sun bi shi sabon shagon. Ɗan lekol ya zauna, yanzu a kan riga ake biyanshi. Ɗaya daga ƙananan ya bi yayanshi bida kafin ya kai ga yanka.

Abin da nake gani

A ganina yaron nan gaskiya ya faɗa a Afrilu 2023. Shekara uku yana shago amma aikin da ake son ya koya ana yinshi inda ba ya gani a lokacin da ba ya nan, sannan ranar farko da aka ba shi dama sai aka ba shi mafi tsada a lokaci mafi tsanani ba kowa kusa da shi. Gwanin haya bai yi amfani ba don yadda ake biyanshi ya hana shi koyarwa, ba don mugun mutum ne ba. Bidiyo ya ba da lissafi bai ba da hannu ba, kuma bai zama banza ba tunda daga baya shi ya sa aka iya tambayar maigida tambayar da ta dace. Tara ce ta fi duka illa, don ta kashe abin da koyo ya fi buƙata, wato a ga kuskure da wuri a yi magana a kanshi.

Abin da ya yi aiki kuma ba abu ɗaya ba ne, kuma ba na so a ce wai rashin wuta alheri ne, mutane sun sha wahala ƙwarai a watannin nan. Jawo tebur ya buɗe ido kawai, in da an tsaya nan da kallo za su yi ta yi. Sai da aka haɗa da wurin yin kuskure mai arha, da aiki iri ɗaya mai yawa, da canza shi in ya daina ƙaruwa, da bakin maigida da aka matsa wa ya faɗi abin da hannunshi ya sani, kuma duk wannan bai ci kuɗin da ya kai ramuwar kayan nan uku ba.

Akwai abin da ke damuna wanda ba a cika faɗa ba. Tafiyar babban yaron ita ce abin da masu shaguna da yawa ke tsoro, shi ya sa wasu ke jan koyo shekara da shekaru suna amfani da yaro a aike, kuma tsoron nan ba na banza ba ne tunda mun ga kwastoma sun bi shi. Masu shirye-shiryen koyon sana'a irin su asusun FAFPA da cibiyoyin da ke cikin kwaminoni in suna son maigida ya buɗe hannu dole a duba abin da zai samu, ko yarjejeniya da iyaye kan shekarun koyo da shekarar da yaro zai yi wa shago aiki bayan ya iya. Shi wannan maigidan da ya ɗauki sababbin yara biyu a Oktoba 2024 haka ya yi, gaban shaidu, shekara 3 koyo da shekara 1 aiki da biya. Injin aikin wuya ne kawai har yanzu bai bar kowa ya hau ba, ɗan lekol ya tambaye shi sau biyu, ya ce a bari sai bayan sallah.